Ƙuri'ar Barnabas Mai Fito

A garinmu Caneford, har yau in aka yabi muryar wani mai wa'azi ko mai gwanjo, sai tsofaffi su taɓe baki su ce ai ba ku ji Barnabas Tolliver ba. Mai fito ne, kuma kogin namu ba na wasa ba ne. Mutum zai tsaya a wancan ƙetaren da keken kayansa da dawakinsa yana kaɗa hula, Barnabas ba zai ɗaga hannu ya amsa kamar kowa ba. Baki zai buɗe ya ce, "Ga ni nan tafe!" sai ka ga agwagin ruwa sun tashi fir. Matarsa Keziah takan ce ita dai ta auri mutumin da bai iya raɗa ba, shi ya sa babu maƙwabcin da bai san abin da ke cikin tukunyarta ba.

Sun zo ne bayan an gama yaƙin neman 'yanci da Ingila, lokacin da kowane talaka ya ɗaure tsummansa ya hayo duwatsu neman ƙasar noma. Gatari suka zo da shi, da saniya ramammiya, da tukunyar ƙarfe. Barnabas ya yi soja a yaƙin, ladan da ya samu kuwa shi ne yatsun ƙafa biyu da sanyi ya cinye masa. Noma bai karɓe shi ba, sai ya sari itatuwa ya haɗa faffaɗan jirgin fito, ya ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya zauna jiran masu zuwa. Su kuwa ba su daina zuwa ba.

Cikinsu akwai wani siririn saurayi mai awon ƙasa, Lemuel Hargrove, wanda ya iso cikin ruwan sama yana rawar ɗari, dokinsa na ɗingishi, sarƙar awonsa rataye a wuya. Bai kai ga sauka daga jirgi ba ya zube. Barnabas ya saɓa shi a kafaɗa zuwa gida, Keziah ta yi ta ɗura masa kunun masara da romon kaza har zazzaɓin ya sake shi. Da ya miƙe ya riƙe hannun Barnabas ya ce, "Daga yau ba ni da ɗan'uwa a dajin nan sai kai." Barnabas kuwa irin mutanen nan ne da in ka faɗa musu magana mai daɗi sau ɗaya, sun riƙe ta ke nan har kabari.

Hargrove akwai kai, akwai baki. Mai awon ƙasa ai shi ya san inda fadama mai kyau take, kafin a farga ya mallaki rabin kwarin. Aka naɗa shi kyaftin na dakarun gari, aka wayi gari ya zama Kanar. Da za a yanka mana jiharmu daga ta gabas, yana cikin waɗanda suka zauna suka tsara dokokinta. Daga nan sai majalisa, daga majalisa sai kujerar gwamna. Kuma ba za a ce bai yi aiki ba, a gaya wa Allah gaskiya. Shi ya yanka hanyar da ta kai gishiri har kan tudu, shi ya gina mana kotun dutse a madadin rumfar da akuya ke kwana a ciki.

Duk matakalar nan da ya taka, muryar Barnabas na ƙarƙashinta. Ranar zaɓe kowa ya san yadda take. A fito da dogon teburi harabar kotu, shugaban 'yan doka a tsakiya, magatakarda a gefe da alƙalaminsa, 'yan takara zaune a benci sama da su, kowa da sabon aski. Mutum ya fito gaban jama'a, a tambaye shi wa ya zaɓa, ya faɗa da bakinsa kowa na ji, wanda aka ambata ya miƙe ya cire hula ya yi godiya. Mu ba mu san jefa takarda a ɓoye ba, aikin matsorata muke ɗaukarsa. To tun karon farko da Hargrove ya tsaya, Barnabas ne ke buɗe fage. Zai kwaso mutanen ƙetare kyauta tun da sassafe, ya sa su a gaba har kotu, ya cika ƙirji ya kira sunan mutuminsa, a ɗauki ihu, a fasa gangar giyar masara. Mutanen tudu, waɗanda ba su san bambancin wannan ɗan takara da wancan ba, sukan ce su dai inda Barnabas ya faɗi nan za su faɗi. Ko da ya zama gwamna, Hargrove gida yake dawowa ya zauna a bencin nan, wai don ya ga idon mutanensa.

Barnabas bai taɓa roƙon komai ba. Keziah takan caccake shi, "Kowa ya bi Kanar ya samu gona ko muƙami, kai kuwa sai na gode. Na gode ake zubawa a tukunya?"

"To me kike so a ba ni, alƙalanci?" in ji shi. "Ni da ko sunana aka rubuta a jikin saniya ba zan gane tawa ba ce?"

Keziah ta haihu da yawa, amma ɗaya ne ya tsaya da ƙafarsa, sauran zazzaɓin kogi ya kwashe su tun suna goye. Micajah sunansa, ana ce masa Cage. Kyakkyawa ne, ga fara'a, ga son doki kamar ransa, kuma gaskiya ɗaya ce, uwa da uba sun sangarta shi. Shekarar da gwamna ke neman komawa kujera, Cage ya sha ya yi tatil a wurin sukuwa, abokan banza suka zuga shi, ya kwance goɗiyar wani attajiri mai suna Crenshaw ya haye. Da giya ta sake shi ya tsinci kansa a wata gunduma, tsoro ya kama shi, maimakon ya mayar da ita ya sha zagi, sai wawan ya sayar, ba a daɗe ba aka kamo shi. A zamanin nan kana iya kashe mutum a wurin faɗa a yi maka lalas da ƙarfe mai zafi a babban yatsa a sake ka, amma ka saci doki, igiya ce. Alƙali ya yanke a rataye shi ranar Juma'ar da ke bin zaɓe. Abu ɗaya ya rage tsakanin Cage da igiyar, shi ne afuwar gwamna.

Ana gobe zaɓe gwamna ya iso, aka haƙa rami aka gasa bijimi a ƙarƙashin itatuwa kamar yadda aka saba. Barnabas ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya jira har aka ɗan rage a jikin babban mutum, sannan ya matsa yana murza hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, maganar yaron nan ce."

"Haba Barnabas, ni za ka gaya wa? Yaron da na ɗauka a wuya yana jan kunnena?" Gwamna ya dafa kafaɗarsa, ya nuna gefe da haɓa. "Amma dubi wancan. Bari a gama zaɓe. Ai ka san ni."

Wancan ɗin shi ne abokin takararsa, Lauya Pettibone, gajere mai bakin tsiya, wanda ya hau kututture yana yanka magana. "Doka biyu ce a jihar nan, jama'a! Ɗaya taku, ɗaya ta 'yan koren Kanar. Ku zuba ido, ɗan mai fito ta ƙofar baya zai fita yana fito da baki. Da ɗanka ne kai, da tuni hankaki sun yi kalaci da shi!" Ana ta dariya, amma ba kowa ke dariyar ba. Akwai waɗanda aka taɓa sace wa doki ana tsakiyar huɗa, suna tsaye suna gyaɗa kai.

Da gari ya waye Barnabas na aski a gaban ƙwaryar ruwa, Keziah ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya.

"Zaɓen nan ba yini ɗaya ake yinsa ba. Ka ɗaure jirginka ka zauna. Kada ka fitar da kowa, kada ka buɗe baki, sai ya sa hannu a afuwar nan na gani da idona. Mutanen tudu ba za su motsa ba sai ka motsa, shi ma ya sani."

"Wato in yi ciniki da shi ke nan? Da Lemuel?"

"Ciniki kuwa! Shi me yake yi da kai? Bari a gama zaɓe, ai cinikin biri a sama ne."

"Mutumin da ya kwanta a gadon nan, kika ba shi kunu a baki? In na ɓuya yau, na gaya wa duniya ban yarda da shi ba. Zan je in kira sunansa da ƙarfin da ban taɓa kira ba, in ga ta inda zai dubi idona ya ce a'a."

"Tsoho," ta ce, "ɗa ɗaya gare ni."

Ya goge fuska, ya raɓa ta gefenta ya wuce. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma shi a ransa amana yake riƙewa.

Ba a taɓa ganin taro irin na ranar ba. Har kan itatuwa mutane suka hau, don kowa na son ya ga ko mai fito zai zo. Sai ga shi tafe yana ɗingisa ƙafar nan tasa, mutanen tudu a bayansa da huluna na fatar dabba. Aka dare masa hanya, wuri ya yi tsit. Shugaban 'yan doka, wanda shi da hannunsa ya kamo Cage, ya kasa ɗaga ido, da teburi ya yi magana.

"Barnabas Tolliver, wa ka zaɓa?"

"Kanar Lemuel Hargrove!"

Dawakan da ke ɗaure a jikin shinge sai da suka zabura. Gwamna ya miƙe ya cire hula. Abin da aka saba ji shi ne, na gode ɗan'uwa, ba zan manta ba, ya koma ya zauna. Ranar bai zauna ba. Ya dubi taron, ya dubi Pettibone, ya sauko daga benci ya kama hannun Barnabas ya ɗaga sama. Barnabas har ya fara murmushi, hawaye sun ciko masa, don ya ɗauka a nan za a yi afuwar a gaban kowa.

"Jama'a, ku dubi dattijon nan," in ji gwamna. "Kun san shi, kun san ɗansa, kun san abin da ke jiran ɗansa ranar Juma'a. An ce muku wai doka biyu gare ni. To jiya mutumin nan ya zo ya roƙe ni, ban ba shi ba. Ban ba shi ba, kuma ba zan ba shi ba, ko da zuciyata za ta tsage biyu. Ga shi yau, yana sane, ya tsaya a gabanku ya kira sunana, domin ya fi son ƙasa mai doka ɗaya a kan jinin cikinsa. Lauya Pettibone, nuna mini uba irin wannan a cikin mutanenka!"

Tabɗijam! Wuri ya kece da ihu. Huluna suka tashi sama, manyan maza masu gemu suna kuka wiwi, wani mai wa'azi yana ta kiran sunan Annabi Ibrahim da ɗansa. Kafin Barnabas ya gane abin da kunnensa ya ji, an ɗaga shi a kafaɗu ana zagaya harabar kotu da shi. Bakinsa a buɗe, murmushin nan bai gama barin fuskarsa ba, yana duban kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda zai ce masa wasa ne. Mutanen tudu suka yi layi, kowa ya kira Hargrove ya zo ya taɓa rigar Barnabas. Har Crenshaw mai goɗiya, wanda tun farko na Pettibone ne, ya fito yana share ido ya ce shi ma Kanar ya zaɓa. Pettibone ya yi zuru a benci, bakin tsiyar nan ya mutu. An ga mugunta iri-iri a garin nan, amma a yanka mutum da yabo yana tsaye ana tafa masa, wannan kam tir da ita.

Da aka sauke shi ya tafi teburi yana tangaɗi, ya dafa gaban magatakarda.

"Goge. Ban faɗa ba. Na fasa."

Magatakardan ya ɗago a firgice. "Baba Barnabas, wa zai goge? Har ƙetaren kogi an ji ka. Magana ai zarar bunu ce."

"Na ce ka goge!"

Waɗanda ke kusa suka ɗauka zafin rana ne da ƙunar zuci suka taɓa shi, suka kama shi suka zaunar a inuwa, wani ya danƙa masa kofin giya, wani yana masa fifita da hula yana cewa jihar nan ba za ta manta da shi ba.

Sai da rana ta karkata ya samu gwamna shi kaɗai a bayan masauki, wajen dawaki. Wannan karon babu ranka ya daɗe.

"Lemuel, cewa ka yi bari a gama zaɓe."

Gwamna ya juyo, kuma abin da ya fi ba Barnabas tsoro shi ne idon mutumin ja yake, kuka ya yi na gaske. "Ban shirya ta ba, Allah ne shaidata. Da na ji muryarka, na ga fuskokinsu, maganar da kanta ta zo."

"To ka janye ta."

"A gaban mutum nawa na faɗa? In na saki yaron nan yanzu, ba kujera kaɗai ba, ko majami'a ba zan iya shiga ba. Kai ma za a ce da kai aka haɗa baki." Ya share fuska da hannun riga. "Da ka yi zamanka a gida, Barnabas. Da ka ɗaure jirginka ka yi fushi da ni, da na samu abin da zan gaya wa mutanena, in ce ba yadda zan yi, in sa hannu a ɓoye. Me ya fito da kai?"

Barnabas ya tsaya yana kallonsa. Ya ɗaga hannu, ya dubi hannun, ya sauke. Gwamna ya ce wani abu game da gona da zai ba Keziah a bakin rafi, amma Barnabas ya riga ya juya.

Gidan kaso na jikin kotu ne ta baya, ɗaki ɗaya na gungumen itace da 'yar taga can sama. A ƙofarsa ya tarar da Keziah tsaye da kwando. Matan gari sun riga sun kai mata labari, har da masu yi mata barka da samun miji irin wannan. Ya jira ta zage shi, ya jira ta ce ai na gaya maka, da ta yi hakan ma da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙa masa kwandon, burodin masara ne da soyayyen naman alade.

"Bai sani ba tukuna," ta ce. "Kai za ka shiga. Kai ke da baki."

Mai gadi ya buɗe masa yana sunkuyar da kai. Cage na zaune a kan ciyawa da mari a ƙafa, yana ganin ubansa ya yi zumbur ya miƙe, fuskar nan tasa ta washe.

"Baba! Na ji ka! Wallahi har ƙasa sai da ta zubo daga rufi. Na ce wa mai gadi, ka ji tsohona, duk jihar nan babu na biyunsa." Ya fizgi kwandon ya gutsuri burodi, yana magana da cikakken baki. "Sai kuma na ji ihun. Kai, ban taɓa jin irinsa ba. Na san Kanar ya yi magana, amma tasa muryar ba ta kawo nan ba. Me ya ce? Yau ne, ko sai an gama zaɓen? Ka gaya wa Mama na tuba, ko jaki ba zan ƙara kallo ba."

Barnabas ya zauna a ƙasa. Ya so ya yi ƙarya, ya nemi ƙaryar ya rasa, bai taɓa koyon ta ba.

"Ya ce ba zai yi afuwa ba, Micajah. A gaban kowa ya faɗa. Ba zai janye ba."

Yaron ya daina tauna. Ya dubi ubansa, ya dubi tagar, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. Daga waje ana jin kiɗan goge ya fara tashi, ana buga ƙafa a ƙasa.

"To ihun na mene ne, Baba?"

"Ni suke yabo."

Cage ya ajiye burodin a kan ciyawa a hankali.

Hargrove ya ci zaɓen da rinjayen da ba a taɓa gani ba, ya koma babban birni tun kafin Juma'a. An rataye Micajah da hantsi a filin bayan kotu. Ko a wurin, Barnabas na tsaye riƙe da Keziah, sai da wani baƙo ya ratso taro ya cire hula, ya ce daga nesa ya zo, yana roƙon alfarma ya gaisa da uban.